Wa ya naɗa maka? Amsa kan rawanin Sikh, na Abzinawa da namu

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Watan jiya na raka mahaifina Indiya ganin likita. Daga filin jirgin Delhi muka shiga tasin wani dattijo mai farin gemu har ƙirji, da shuɗin rawani an naɗa shi tsaf. Na yi masa sallama ya amsa da fara'a, har Baba ya ce mun yi dace da malami. Da azahar ta yi na ce ya biya da mu masallacin unguwarsu, sai ya yi dariya ya ce shi ba Musulmi ba ne, Sikh ne. Abin ya tsaya mini a rai. Kwaikwayonmu suke yi ne? Ashe rawani ba na Musulmi ba ne? Kuma ta yaya mutum zai riƙa bambancewa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, kai kuma ya yi maka albarka da wannan rakiya.

Ba kai ne farau ba. Duk Bahaushen da ya fara sauka Delhi, ko ma Dubai da Landan, sai idonsa ya yi masa wannan ƙaryar, domin a gida mun saba in gemu ya haɗu da rawani, to ko malami ne ko basarake. Kama da wane kuwa ba ta wane. Dattijon nan bai kwaikwayi kowa ba, mu ma ba wurinsa muka ɗauko ba. Naɗa dogon ƙyalle a ka tsohuwar dabara ce ta mutanen ƙasashen rana da ƙura, tun daga Sahara har Indiya, ta riga Musulunci, ta riga addinin Sikh nesa ba kusa ba. A littafin Fitowa na Attaura, sura ta 28, an tsara wa babban firist na Bani Isra'ila rawanin lilin da allon zinariya a goshi. Limaman cocin Habasha har gobe farin rawani suke naɗawa. In ka ga hotonsu a Lalibela ranar biki, ba don gicciyen da ke hannunsu ba sai ka rantse malaman zaure ne.

Ni a gidan 'yan tufafi na tashi, kakana baƙin rawani yake kaiwa Agadas, kuma na daɗe ina koyar da tarihin sutura. Abin da na saba gaya wa ɗalibai shi ne, in sun ga rawani su ajiye tambayar addini tukuna, su fara da wannan: hannun wa ya naɗa shi, kuma wa ke da ikon warware shi? Daga nan sauran bayani ke fitowa.

Mu fara da gida. A Hausa kalmar naɗi ta haɗiye sarauta gaba ɗaya. Ba a cewa an rantsar da Galadima, cewa ake an naɗa shi, har Turancin Najeriya sai da ya ƙago wata kalma daga sunan rawani don ya iya faɗin abin. Ka tuna yadda ake yi a fada. Wanda za a naɗa yana zaune, hannuwa a cinya, ko ƙyallen ba ya taɓawa. Wani ne ke tsaye a kansa, ya daidaita hular da ke ƙasa, ya dinga ɗora ninki bisa ninki, ya zagayo ta ƙarƙashin haɓa, ya bar amawalin da za a ja a rufe baki. Sai an gama a kai shi gaban sarki ya faɗi ya yi godiya, a waje kuma 'yan bindiga su fara aiki. Hannun da ya naɗa shi ne ke warwarewa. Ranar da aka yi fushi da hakimi sai ka ji an ce an tuɓe masa rawani, ko da a lokacin hula ce a kansa. Rawanin sarauta aro ne ke nan, shi ya sa ƙa'idojinsa suke da yawa. A Kano mai kunne biyu na 'yan gidan sarauta ne, jan nan ƙato na dogarai ne, kuma attajiri komai kuɗinsa ba zai wayi gari ya tsayar da kunnuwa ya shiga fada ba. Gaskiya ne dattijo ko malami yakan naɗa nasa da kansa ranar Juma'a da Idi, amma da zarar muƙami ya shigo, ko limanci ne, sai an naɗa maka. Dubi ma karin maganarmu, girman kai rawanin tsiya: rawanin da mutum ya ɗora wa kansa ba wanda ya ba shi. Haka abin ya bi Hausawa duk inda suka je. Sarkin Zango a Kumasi naɗa shi ake yi, Yarbawa kuma da suka karɓi abin sun karɓe shi ne da sunansa, suna cewa lawani.

To na direbanku kishiyar wannan ne, kuma dalilin yana cikin tarihinsu. Addinin ya faro daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Punjab, a wani gari da yanzu yake cikin Pakistan. Allah ɗaya suka yarda da shi, ba su da gunki, a littafinsu mai tsarki ma akwai baitocin wani sufi Musulmi, Shehu Farid. Amma zamansu da sarakunan Mughal da ke mulkin Indiya a lokacin, waɗanda Musulmi ne, bai yi daɗi ba. A 1675, zamanin Aurangzeb, aka fille kan jagoransu na tara, Guru Tegh Bahadur, a nan Delhi. Wurin yana tsohon gari, a Chandni Chowk, sun gina ɗakin ibada a kai. Ɗansa Guru Gobind Singh, jagora na goma, shi ya tara mabiya a Anandpur a 1699 ya kafa jama'ar da suke kira Khalsa, ya ɗora wa duk wanda ya shige ta abu biyar: kada ya aske gashi ko gemu har abada, ya soke ƙaramin matajin katako a gashin, ya sa warwaron ƙarfe a hannu, ya sa wani gajeren wando daga ciki, ya rataya 'yar wuƙa. Rawanin, da suke kira dastar ko pagri, shi ke rufe gashin nan da ba a askewa.

A Indiyar wancan zamani rawani mai kyau da doki da takobi kayan manya ne, kamar dai a wurinmu, ga kuma tsarin asali da ke raba mutane hawa-hawa tun daga haihuwa. Sai Gobind Singh ya ce kowa ya naɗa. Cikin mutum biyar na farko da suka amsa kiransa akwai manomi, akwai wanzami, akwai mai ɗebo ruwa. Ya ba maza duka suna ɗaya, Singh, wato zaki, mata kuma Kaur. Ka ƙaddara wani ya tashi a Kano ya ce daga yau ɗan dako da ɗan garuwa kowa ya tsayar da kunne biyu, kowa kuma a kira shi Ciroma. Girman abin da ya yi ke nan. Sannan mai irin wannan rawani ba shi da damar sajewa cikin taro ranar tsanani ya ce shi ba ya ciki, kuma da gangan aka so haka.

Mun taɓa sauka ɗaki ɗaya da wani malamin lissafi ɗan Sikh a wani taron ƙara wa juna sani, na roƙe shi ya bar ni in kalli naɗinsa da safe. Ƙyallen auduga ne marar nauyi, ya kai mita biyar. Da yake ba mai riƙe masa, sai ya ƙulla gefe ɗaya a mariƙin ƙofa, ya ja da baya har ƙyallen ya miƙe, ya dinga nannaɗe bakinsa ciki har ya koma kamar doguwar ɗamara mai faɗin tafin hannu. Gashinsa da ya sauko har gadon baya ya taje, ya murɗe, ya ƙulle a tsakar ka, ya soke matajin, ya ɗaure da wani ƙaramin ƙyalle. Sannan ya ciji bakin dogon da haƙori, ya ɗauko ta ƙeya, ya rufe kunne, ya hau da shi goshi a karkace, ya sauko ta ɗaya gefen. Kowane zagaye yana ɗan hawa kan na baya, har suka haɗu a tsakiyar goshi suka yi tsini kamar bakin kwalekwale. A ƙarshe ya buɗe ninkin farko ya rufe tsakar kan, ya saki na bakinsa ya cusa a ƙeya, ya bi da wani siririn tsinken ƙarfe yana tura gashin da ya leƙo. Ko minti goma bai yi ba. Haka yake yi kowace safiya tun yana saurayi. Da dare ya warware, ya ninke, ba ya yarda ya taɓa ƙasa.

Tunda ba sarki ne ya ba shi ba, ba ya ganin akwai mai ikon cewa ya cire. Wannan ya sa suka yi ta kai ruwa rana da gwamnatoci. A Birtaniya sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1976 ta yafe musu sa hular kwano a kan babur. A Kanada sai 1990 aka yarda ɗan sandan tarayya ya yi aiki da rawaninsa, bayan doguwar muhawara kan wani matashi, Baltej Singh Dhillon. Faransa da ta hana alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004, hijabin 'yan mata Musulmi aka fi hange, amma dokar ta haɗa har da rawanin yaran Sikh da 'yar hular Yahudawa. Abin ya ci rayuka ma. Bayan masu tsaron firaministar Indiya Indira Gandhi biyu, 'yan Sikh, sun harbe ta a ƙarshen Oktoban 1984, an kashe musu kusan mutum 3,000 a Delhi cikin 'yan kwanaki, kuma rawani da gemu ne ke nuna su, har wasu suka aske don su tsira da rai. Dattijo mai farin gemu da ke tuƙi a Delhi yau, da wuya a ce waɗannan kwanaki ba su shafi wani nasa ba. Kuskuren da ka yi da zuciya ɗaya ma wani ya yi shi da sharri: kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a jihar Arizona ta Amurka, maharbin yana zaton Musulmi ne.

Yanzu batun ko rawani namu ne. Namu ne, sai dai ba mu kaɗai ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka ranar buɗe ta da baƙin rawani, an kuma gan shi a kan mumbari ya saki jelar rawaninsa tsakanin kafaɗunsa, ya kuma yi shafa a kan rawani a alwala. Amma Ƙuraishawan da suka yaƙe shi su ma da nasu rawunan, domin suturar Larabawa ce. A nan malamai suka rabu. Wasu na ganin sunna ce da ake samun lada in an yi ta da niyyar koyi, wasu na ganin al'adar mutanensa ce kamar sauran tufafinsu. Hadisan nan da ake yawo da su, masu cewa salla da rawani ta ninka marar rawani sau kaza, masana hadisi sun ce ba su inganta ba. Ka lura kuma, namiji mai harama an hana shi rawani da duk abin rufe kai, sarki da talaka kai buɗe suke tsayawa a Arfa. Abin da ya fi bambanta naɗinmu shi ne zagayen nan na ƙarƙashin haɓa. Malaman Malikiyya sun ruwaito cewa Imamu Malik ba ya son rawanin da ba a yi masa shi ba, mu kuma Malikawa ne kaka da kakanni, ga ƙurar hunturu ta ƙara mana dalili.

Akwai lokacin da rawani ya tsorata sarki a ƙasar Hausa. Gab da jihadi, da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi yawa a Degel, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina rawani, mata su daina lulluɓi. A ganina Nafata ya lura ne cewa ranar kasuwa ana iya ƙirga mutanen Shehu da ido, kuma kullum ƙaruwa suke. Shelar ba ta hana komai ba, a 1804, zamanin ɗansa Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu. Waɗanda aka hana naɗawa a matsayin almajirai, jikokinsu ne yau ke yanke wa zai naɗa wane iri.

Maƙwabtanmu Abzinawa, da muke kira Buzaye a jimlace, nasu wani karatu ne daban. Tagelmust suke ce masa, kuma baki ya fi kai muhimmanci a cikinsa. Ana naɗa wa saurayi in ya isa mutum, daga ranar kuma barin baki a buɗe gaban manya rashin kunya ne. Zauna da su a Agadas ko Ingal ka sa ido. Yana hira da tsaransa amawalin na ƙasa-ƙasa, surukinsa na shigowa zai ja shi har karan hanci, ido kawai za ka gani. Shayi ma ta ƙarƙashin ƙyallen ake shigar da ɗan kofin. Matansu kuwa ba sa rufe fuska, ɗan mayafi ne kawai a ka. Musulmi ne, Malikawa irinmu, amma ga shi a wurinsu namiji ke lulluɓe fuska. Mai cewa ƙurar hamada ce kaɗai dalili bai taɓa ganin Ba'abzine a cikin ɗaki da dare ba, babu iska babu rana, yana gyara amawali don uwar matarsa ta ɗaga labule.

Mafi tsadar nasu kuma, wanda suke kira alasho, a ƙasar Kano ake yin sa. A Kura da ƙauyukanta ake saƙa shi siriri, faɗin ƙyallen bai wuce yatsa ba, a jera da yawa a ɗinke, a yi ta tsomawa a baba har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai mabuga. Can na fi son tsayawa ina yaro in an aike ni. Maza ne zaune gaban gungumen itace, kowa da sandar bugunsa mai nauyi, ana barbaɗa garin shuni, ana bugu bi da bi kamar kiɗa, har ƙyallen ya ɗauki walƙiya irin ta ƙarfe. Sai a ninke a naɗe a takarda. Ba a wanke shi, wanki kashe shi yake yi. Shunin na zuba a goshi da kumatu, Ba'abzine kuma ado ya ɗauki abin, daga nan Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane. Mu ɗan Kura muke ce masa, hakimanmu na naɗa shi ranar hawan salla. Cinikin tsoho ne. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa Ghat da Murzuk da Tarabulus da Timbuktu. Saƙa ɗaya, rini ɗaya, mabugi ɗaya, amma a kan hakimi yana nuna an ba shi ƙasa, a kan Ba'abzine yana nuna yana jin nauyin surukansa.

Launi ma da abin da yake faɗa, sai dai kowace ƙasa da yarenta. A Masar ta zamanin Mamalik, a 1301, an yi doka Kirista su naɗa shuɗi, Yahudawa rawaya, fari a bar wa Musulmi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kowa na naɗawa a lokacin, in ba haka ba me za a bambance? Daga baya a can ɗin aka ware wa sharifai alamar kore. A Iran da Iraƙi da Labanan, malamin Shi'a mai baƙin rawani yana nuna shi sayyid ne, jinin gidan Annabi, mai fari kuma malami ne da ba shi da wannan nasaba. Shi ya sa Khumaini da Sistani baƙi, Rafsanjani da Ruhani fari, kuma launin ba ya faɗin wa ya fi wani karatu. Can ma hannun wani ke ɗorawa, babban malami ne ke sa wa ɗalibi a taro a Ƙum ko Najaf. Malamin Azhar jar dara ce da farin ƙyalle kewaye, ɗan Sudan farar imma ce mai yawan yadi wadda ba ruwanta da haɓa. A wurin Sikh kuwa galibi zaɓi ne, wanda ya dace da riga. Manmohan Singh, firaministan Indiya daga 2004 zuwa 2014, kusan kullum mai launin sararin samaniya ya riƙa naɗawa. Mabiya Hindu na Rajasthan ma da nasu masu kala-kala, irin waɗanda magajinsa Narendra Modi kan naɗa ranar bikin samun 'yanci.

Inda rawani ya fi shan wuya shi ne hannun gwamnati. A daular Usmaniyya girmansa da fasalinsa ke faɗin muƙamin mutum, har a maƙabartun Santambul ana sassaƙa shi a saman dutsen kabari, ka gane waziri, ka gane alƙali, ka gane ɗan ɗariƙa ba tare da ka karanta rubutu ba. Sai Sarki Mahmud na Biyu a 1829 ya tuɓe wa ma'aikata rawuna ya sa musu jar dara, malamai kawai ya bari da nasu. Aka yi ta gunaguni cewa ya kawo baƙon abu. Ba a cika shekara ɗari ba, a 1925, Mustafa Kamal Ataturk ya haramta ita kanta darar, ya wajabta wa ma'aikata hular Turawa mai baki. Sai ga mutane suna bore don kare dara a matsayin alamar Musulunci, darar da kakanninsu suka karɓa a kan dole. Hujjarsu ba ta rasa tushe ba, hula mai baki tana tokare goshi a sujada, mu ma ai hana-salla muke ce wa 'yar'uwarta. An rataye mutane a kan wannan, ciki har da wani malami, Atif Hoja na garin Iskilip, a farkon 1926. Ita ce dai darar da muke sawa ƙarƙashin rawani a nan ba wanda ke waiwayarta.

Falasɗinawa kuwa akasin dabarar Gobind Singh suka yi. Hiramin nan nasu da can na manoma da makiyaya ne, 'yan birni dara suke sawa. A boren da suka yi wa Ingila, a 1938 jagorori suka umarci 'yan birni su ajiye dara su ɗaura hirami, don sojoji su kasa tsince mayaƙan ƙauye a cikin gari. Abin da aka ɗaura don ɓuya shi ne yau aka san su da shi a duniya.

Na mata shi kaɗai ya isa wata amsar, amma can ma ba na addini ɗaya ba ne. Matan aure na Yahudawa masu riƙo suna rufe gashi, wasu da kallabi, wasu da gashin kanti. A wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11, an ce mace ta rufe kai in tana addu'a, namiji kuma ya buɗe. Shi ya sa za ka ga Kirista namiji ya cire hula a ƙofar coci, matan zumunta kuma sun sha ɗankwali, alhali Bayahude a lokacin ibada ne ma yake tabbatar da tasa hular, wadda ba ta kai tashi-ka-fiye-naci girma ba, tana kansa. Hannun gwamnati bai bar mata ba su ma. A Iran Sarki Reza Shah ya sa 'yan sanda fizge mayafi a titi daga 1936, bayan juyin 1979 aka wajabta shi, a zanga-zangar 2022 kuma, bayan mutuwar Mahsa Amini, wata matashiya da aka kama kan batun hijabi, matasa suka riƙa ture rawunan malamai a kan hanya don sun san inda zai yi zafi. Iyayenmu mata da suka raɗa wa wani ɗaurin kallabi suna ture-ka-ga-tsiya sun riga kowa fahimtar wannan.

Sai bambancewa, in Allah ya kai mu komawarku ganin likita. Fara duba wuyan hannunsa. In ka ga rawani ga kuma warwaron ƙarfe marar ado, to Sikh ne. Naɗinsa a ɗame yake, ya rufe saman kunnuwa, galibi da tsini a goshi, babu jela a baya, ba ya bi ta haɓa. Mai riƙo a cikinsu gashin bakinsa bai taɓa ganin almakashi ba, malaminmu kuwa rage nasa yake yi. Yaransu ƙaramin ƙyalle suke ɗaurawa da ɗan tudu a tsakar ka, ƙullin gashin ke nan. Musulmin Delhi yawanci 'yar farar hula ce, in ka ga mai rawani a cikinsu za ka hangi hula a tsakiya da jela a baya. Babban masallacin Juma'a na tsohon gari, wanda Sarkin Mughal Shah Jahan ya gina, tafiyar ƙafa ce daga inda aka kashe Tegh Bahadur, kuma babu direban da bai san hanyarsa ba, don haka da ka ce masallaci kawai, ba nasu ba, da ya kai ku. Gaisuwarsu Sat Sri Akal ce. Kada ka miƙa masa taba ko ka kunna a motarsa, haramun ce a wurinsu. Komai sabon da kuka yi kuma, kada wasa ya kai hannunka kan rawaninsa, yadda ba za ka kai shi kan na hakiminku ba. In yawo ya biya da kai ɗakin ibadarsu, irin Bangla Sahib da ke tsakiyar birni, za ka tarar ana ciyar da kowa kyauta ba a tambayar addini, miyar wake da gurasa, ana zaune a ƙasa sahu-sahu. Za ka cire takalmi, kuma ba a shiga kai buɗe. A bakin ƙofa akwai kwandon 'yan ƙyallaye, sai ka ɗauki ɗaya ka ɗaura.